Tambayoyi Talatin da Shida ga Ungozoma

4 ga Maris

Zuwa ga taubashina Ma'auni, a kan dutsensa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata sanyin dutsen bai gama daskarar da ɗan abin da ya rage maka a ka ba. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ta fara yi mini hasashen ruwan sama, kuma wallahi ta fi tasharku ta auna yanayi faɗin gaskiya. Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka wai da gaske albashi ake ba ka don ka riƙa kallon sama, abin da kowa ke yi kyauta. Matata Shugaba ma tana gaisuwa, makarantarta ta shiga jarrabawa, gidan duk ya zama takardu. Ranar Asabar na leƙa gidan Kawu mahaifinka, 'yan biyunka sun yi ɓulɓul, namijin ya zubar da haƙoran gaba biyu yana ta nuna wa mutane giɓin.

Littafinka ya iso, shafi ɗari biyu da goma, ɗaure da igiyar takalmi. Ka ce in karanta shi da idon aiki, in ajiye zumunta a gefe, ka kuma ja layi biyu a ƙarƙashin cewa littafin manya ne, na ma'aurata, kada in bar shi inda yara za su gani. Na ɓoye shi a maɗaba'a, cikin aljihun teburina, a ƙarƙashin gyaran littafin lissafi na aji huɗu, inda na tabbata babu mahaluƙin da zai leƙa. Shekara ashirin da uku ina gyaran rubutun mutane a ɗakin nan, injin yankan takarda yana sara a bayana, ban taɓa ƙarar da jan biro biyu a kan littafi ɗaya ba sai naka.

Bari in fara da alheri. Mijin da ke cikin littafin yana da rai. Yana tsoron surukinsa, yana kwance rediyon da bai lalace ba in ransa ya ɓaci, yana karanta wasiƙa sau uku kafin ya yarda ya fahimce ta. Na gane shi tun shafi na biyu, don kai ne.

Matar kuwa, taubashi, ban san inda ka samo ta ba. A shafi na tara ta tsaya gaban madubi, ba ta bar wurin ba sai shafi na goma sha biyu, tana yaba kanta gaɓa-gaɓa daga goshi har dunduniya kamar dillalin da aka ba wa ita ya sayar. Ni na zauna da mace shekara ashirin da biyu, in ta tsaya gaban madubi ɗankwali take dubawa ko ya karkace, sai ta juyo ta ce mun makara. Sannan ka kwatanta baiwar Allah da kayan marmari har iri bakwai, na jera maka su a gefen shafi. Da na kai babi na bakwai, inda ka rufe musu ƙofa, na rasa ko ɗakin ma'aurata na shiga ko rumfar mai lemo da kankana.

Kada ka ɗauka rashin kunyar ce ta dame ni. Na karanta na mutanen da da na 'yan yau, wasu sun fi ka zaƙewa nesa ba kusa ba. Abin da ya dame ni, a babin nan mutum ɗaya ne a ɗakin. Ita ba ta da aiki, ba ta da ƙawa, ba ta jin yunwa, ƙafarta ba ta ciwo, ba ta taɓa yin dariya a inda bai kamata ba. Daga ina ta dawo ranar? Wa ya ɓata mata rai? Me take so ita kafin shi ya turo ƙofa? Duk maganarta a shafi goma sha huɗu kalma uku ce, biyu daga ciki "wayyo" ne.

Aikinka ne ya cuce ka. Ka saba ka buɗe farin akwati ka kwafe abin da allura ta nuna, ka rufe. Shawarata guda ce: ka tambayi mace. Kana da guda mai hankali, tana can tana karatun ungozoma, ta san abin da ni da kai ba za mu sani ba ko da mun haɗiye laburare. Ka tambaye ta.

Naka,
Jan Biro

19 ga Maris

Zuwa ga taubashina Jan Biro,

Amin wa alaika salam. Lafiyata ƙalau, sai ɗan mura da na kwana biyu da shi. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ba sama kawai nake kallo ba, har ƙasa ina aunawa. Gwiwarka kuwa tsufa ne, kada ka ɗora wa gajimare.

Wasiƙarka ta zo da motar kayan abinci, wadda ka san sau ɗaya take hawowa duk mako biyu. Na karanta ta a tsaye kusa da ma'aunin ruwan sama, na yi fushi daga ƙarfe tara har zuwa awon ƙarfe goma sha biyu, daga nan na huce. Kayan marmarin shida ne, ba bakwai ba, ka lissafa lemo sau biyu. Amma sauran maganarka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma na yi aiki da ita nan take.

Ka ce in tambayi Ungozoma. Na tambaye ta, kuma cikin tsari. Na samu takardar rajista mai faɗi na zana mata jadawali da rula, tambayoyi talatin da shida, kowace da gurbin amsarta. Ga misali, don ka ga ban yi wasa ba. Ta huɗu: "Idan miji ya shigo ɗaki, bugun zuciyar mace yana ƙaruwa, yana raguwa, ko babu canji? A zagaye ɗaya." Ta goma sha ɗaya: "Wane kayan marmari ne mace ta fi yarda a kwatanta ta da shi?" Ta ashirin: "Kalmomi nawa mace ke furtawa a irin wannan lokaci, a matsakaicin lissafi?" Wasu kuma maki za ta bayar daga ɗaya zuwa biyar. A ƙasa na bar gurbin ƙarin bayani, na ce kada ya wuce layi biyu. Na haɗa mata da kwafin babi na bakwai don ta san inda aka dosa, da ɗan rubutu a sama cewa kai ka ce matar ba ta gamsar ba, a taimaka da bayanai cikin mako biyu.

Wani albishir kuma. Ƙarshen Afrilu za su gama karatu, kuma kowace ɗaliba za ta cike takardar zaɓen asibitin da za a tura ta. Akwai ƙaramin asibiti a gindin dutsen nan, tafiyar minti arba'in a ƙafa. Akwai kuma babban asibitin garinsu, kusa da iyayenta, wanda malamanta ke ta zuga ta ta zaɓa. Shekara uku ke nan muna zaman aure ta ambulan, taubashi, na gaji. Na riga na kama gida mai ɗaki biyu a ƙasa, kusa da makarantar da 'yan biyu za su shiga, na shafe shi da shuɗin fenti da hannuna. Ba mu tsayar da magana ba tukuna, amma ai abin a bayyane yake.

Da zarar bayanan sun dawo zan gyara babin in aiko maka. Ka tanadi biro ɗaya, zai ishe ka.

Taubashinka,
Ma'auni

2 ga Afrilu

Ma'auni,

Muna lafiya, ina fata murar ta sake ka. Gajeriyar wasiƙa ce, don direban motarku yana tsaye a ƙofar maɗaba'a yana danna mini ham.

Inna lillahi. Na ce ka tambaye ta, ban ce ka yi mata ƙidayar jama'a ba. Da na kai kan "a zagaye ɗaya" sai da na cire tabarau na goge, na mayar, na ga dai abin yana nan. Mai haɗa littafi da ke aiki kusa da ni ya ɗauka rasuwa aka yi mini, ya kawo mini ruwa.

Sannan ka sa sunana a sama! Yanzu a wurin matarka, wadda nake wa kallon ƙanwa, ni ne mutumin da ya ce matar ba ta gamsar ba, kuma ba ka ma faɗa mata wace matar ba. In ka yi sa'a za ta yi dariya. Mata sukan yi dariya a kan abin da ya kamata su jefe mu da takalmi, wannan na cikin abubuwan da littattafai ba su gaya mini ba sai da na yi aure. Amma in da ni ne kai, zan sauka daga dutsen nan in nemi inda waya ke kamawa, in ba da haƙuri tun kafin a nema.

Gidan shuɗin fentin ya yi, Allah ya sa albarka. Ka dai lura, ka tambaye ta abu talatin da shida, ba ka tambaye ta ko tana son shuɗi ba.

Jan Biro

16 ga Afrilu

Taubashi,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya, hankalina ne ba ya kwance. Jiya na rubuta zafin rana a gurbin ƙarfin iska, abin da ban taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya.

Motar da ta kawo wasiƙarka ba ta kawo tata ba. Na ce ko jarrabawa ce. Na sauka ƙasa ranar Juma'a na hau kan tudun da waya ke kamawa, na kira sau biyar. A na biyar ta ɗauka, ta ce, "Ina ɗakin haihuwa," ta kashe. Ko "ya sanyi" babu.

Yau mota ta zo da ambulan ɗinta. Na auna shi a hannu na ji ba nauyi, na san jadawalin bai dawo ba. Ga abin da ke ciki, ban rage ko harafi ba:

"Baban 'yan biyu, takardarka ta iso, na karanta har ƙarshe. Ta makaranta ma an raba mana, ranar talatin ga wata za a karɓa. Ban cike ko ɗaya ba tukuna. Maganarka ta fi ƙarfina, zan kai ta gaban babba."

Na karanta sau tara. Gaban babba, taubashi. Ka san surukina. Mutumin da ya yi shekara talatin yana duba makarantu, wanda har yau in na gaishe shi sai ya gyara mini zaman hula. Ina rufe ido sai in gan shi a kujerarsa ta ƙofar gida, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya buɗe babi na bakwai, yana bi da yatsa layi-layi. Ya kai kan kankana. Wallahi gara dutsen nan ya tsage in faɗa.

Kunyar ma da sauƙi. Ta ce ba ta cike takardar makaranta ba. Da can ba ta taɓa nuna shakka ba. In ta rubuta asibitin garinsu, shekara biyu ne ba a canjawa, ni kuma ba a ba mu canjin tasha sai wani ya yi ritaya. Abokin aikina yana hutu, ba zan iya barin na'urori in tafi ba. Makarantarsu tafiyar awa biyu ce daga wurinka. Kai ka jefa ni cikin wannan da shawararka, don girman zumunci ka je ka tare ta kafin ta isa gida. Ka ce mata a ƙona babin, a ƙona littafin duka.

Ma'auni

22 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina mai firgita,

Sallama. Kowa lafiya, har gwiwar ta lafa. Ka sauke numfashi, surukinka bai ga kankana ba. Amma ka zauna kafin ka ci gaba, don ba duka labarin ne mai daɗi ba.

Ban je ko'ina ba, maganar ce ta zo har falona. Ranar Asabar na taso daga maɗaba'a da azahar, tun daga bakin ƙofa nake jin dariyar mata biyu, irin wadda ake yi har a riƙe ciki. Na shiga na tarar an ture takardun jarrabawa gefe. Ungozoma tana zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu, Shugaba tana tsaye da babi na bakwai a hannu tana karantawa da muryar da take yi wa ɗalibai jawabin safe. Babban da aka ce za a kai ka gabansa ke nan. Ni kaina da na ga haka sai na ji gara surukin.

"Sannu da zuwa, Yaya," in ji Ungozoma tana share hawaye.

Na amsa, na juya zan sulale. Shugaba ta ce, "Dawo nan, Malam. Ai kai ne babban mai ba da shawara. Zauna."

Na zauna a hannun kujera kamar wanda aka kama ya makara.

Suka ɗauko jadawalinka. Ungozoma ta ce, "Tambaya ta huɗu, bugun zuciya. Yaya, ni da nake auna bugun zuciyar mata ashirin a rana! In ya shigo ɗaki abin da nake fara dubawa ƙafarsa ce, ko ya cire takalmi."

"Rubuta masa babu canji," in ji Shugaba.

"Gurbin layi biyu ne, Anti, kada mu yi ɓarna."

Daga nan suka shiga gyara maka littafi, ni ina saurare, kuma na rantse sun fi ni iya aikina. Shugaba ta ce matar nan ko sau ɗaya ba ta duba ko an sa sakata ba, alhali ka ce suna da yara. Ungozoma ta ce kullum shi ke farawa, kamar ita ba ta da jini a jika, kuma ko sau ɗaya ba ta ce "yau na gaji" aka bar ta lafiya ba, shi ya sa in ta amince ma amincewar ba ta da ɗanɗano. Shugaba ta ce babin ya fara ne a inda ya kamata ya kusa ƙarewa, don a wurin mace abin tun da rana yake somawa, tun daga wanda ya kwashe kwanuka ba a roƙe shi ba, da wanda ya saurari labari har ƙarshe bai duba agogo ba. Suka ce kuma babu wasa a ɗakin ko kaɗan, mutum biyu sun shekara goma tare amma ba wanda ya tsokani wani.

Na ga dama ta samu in wanke kaina, na ce, "Ai ni na gaya masa. Na ce mace in ta tsaya gaban madubi ɗankwali kawai take dubawa."

Shugaba ta sauke takardar ta dube ni. "Wa ya gaya maka?"

Na ce ai na gani da idona, shekara ashirin da biyu.

"Ka gani daga bakin ƙofa kana kaɗa makullin mota. Wani lokacin ina tsayawa ne in ga ina da kyau, kuma in ga ina da shi. Kai da kake aika mutane su tambayi mace, yaushe rabonka da tambaya?"

Taubashi, na karanta littattafai sun fi dubu, babu wanda ya zo ya cece ni. Aka aike ni dafa shayi.

Da na dawo da tire dariyar ta ƙare. Ungozoma tana juya jadawalin a hannu. Ta ce, "Yaya, ba rashin kunyar ce ta ɓata mini rai ba, aikina ya wuce nan. Na karanta shafi goma sha huɗu ina neman kaina, ko da tabon ƙunar nan ta hannuna, ban samu ba. Mijin kuwa shi ne sak, har tarinsa. Sai na ce to, ashe wannan ce yake kwana yana tashi da ita a kan dutse, mai santsi, marar magana. Ni kuwa ina dawowa daga aiki da warin maganin asibiti, ƙafa a kumbure, baki cike da labari. In je gindin dutse in yi me? In tsaya gaban madubi?"

Na buɗe baki, Shugaba ta harare ni, na rufe.

Ungozoma ta ce, "Tambaya talatin da shida, kowace mace, mace, mace. Babu inda ya ce ke."

Na tambaye ta takardar makaranta fa. Ta ce tana cikin jakarta, fara fat, kuma ba ta aiko ni da komai ba. Da la'asar muka raka ta tasha.

Saura kwana takwas, shi ya sa na ba ɗan aike wannan wasiƙar, ban jira motarku ba. Na daina ba da shawara, an karɓe mini lasisi, amma ga ta ƙarshe: ka rubuta mata. Ka ajiye rula. Kada ka aiko mini in gyara, ko da kurakurai sun kai ɗari.

Naka, mai dafa shayi,
Jan Biro

25 ga Afrilu

Taubashi,

Na gode, Allah ya bar zumunci. Ina lafiya. Ka gaida Anti Shugaba, ka ce mata na ji, kuma ba zan iya haɗa ido da ita ba sai baɗi.

Na rubuta. Na yaga huɗu kafin ta biyar ta tsaya. Ta farko ina cikin rubutu na ga na sa wa sakin layi lamba. Ta biyu na fara da bayanin yanayi. Ta uku duk ban haƙuri ce, na karanta na ji kamar takardar neman afuwa a ofis.

Ba zan gaya maka abin da ke ciki ba, ba naka ba ne. Abu ɗaya zan faɗa, don ya shafi littafin. Da na zauna in tuna ta, ba abin da na rubuta a babin nan ko ɗaya da ya zo mini. Abin da ya zo shi ne lokacin da take aikin jinya kafin ta tafi karatu. Takan dawo da yamma ta zauna a bakin gado ta cire takalmi da ƙafa, ba da hannu ba, ta cire agogo ta bar shatinsa a wuyan hannunta, ta fara ba ni labarin wata mara lafiya da ta ƙi shan magani sai an kira ta Hajiya. Takan kwaikwayi muryar kowa, har likita. Ni kuma ina zaune ina jira ta gama. Shekara da shekaru ina jira ta gama, taubashi, ban san cewa wannan ne wurin da na fi so ba sai da na rasa shi shekara uku. Ban sa shi a littafi ba don na ɗauka ba irin abin da ake sawa ba ne.

Na kuma gaya mata in babban asibitin take so don aikinta, ta zaɓe shi, ni zan san yadda zan yi. Na so in soke wannan layin, amma na bar shi.

Ban jira motarmu ba. Bayan awon ƙarfe shida na safe na sauka da gudu, na ba direban bas ɗin da ke bi ta makarantarsu, na dawo kafin awon ƙarfe tara ina haki kamar jaki. Ya ce jibi zai kai, in taya ba ta fashe ba. Ka taya ni addu'a a kan tayar.

Ma'auni

1 ga Mayu

Baban 'yan biyu,

Ina gaisuwa, ya sanyi, ya aiki? Ni lafiya lau, mun gama jarrabawa ranar Talata, ƙafafuna ne kawai ke neman a sallame su. Na karɓi haihuwa goma sha tara a watan nan, ta ƙarshen ta ce za ta sa wa jaririyar sunana, mijin ya ce sai dai in namiji aka sake haifa a sa nasa. Zan ba ka labarin da baki, don sai da murya yake daɗi, kuma yana da tsawo.

Wasiƙarka ta iso ranar ashirin da tara da yamma. Taya ta fashe. Direban ya kawo ta da shatin man inji a kan ambulan, ya ce mutumin da ya ba shi ya kusa yin kuka, na ce ba mijina ba ne wannan, nawa sai dai ya auna hawayen.

Na karanta a ɗakin canja kaya. Akwai kuskure bakwai, ka rubuta "ke" sau arba'in da ɗaya, kai ka koya mini ƙirge. Ban san ka lura da shatin agogo ba. Ban san ka lura da komai ba, in gaya maka gaskiya, kuma da ka faɗa tun tuni da ka hutar da kanka zana layuka.

Layin da ka ce in zaɓi babban asibiti in ina so, shi na fi tsayawa a kai. Na so shi, ka sani. Na zauna da takardar a cinya har aka fara kiran sunaye. Sai na tuna a can ungozoma goma sha biyu ne, a gindin dutsenka kuwa an ce guda ce, ta kusa ritaya, mata suna haihuwa a hanya. Kada kanka ya kumbura, rabin dalilin su ne. Na rubuta ƙaramin asibiti na miƙa.

Zan biya ta gidan Babanka in ɗauki 'yan biyu, mu iso ranar goma sha biyu. Shuɗi ba laifi, amma ɗakin ciki ni zan zaɓi launinsa. Ka kwashe kwanuka kafin mu zo.

Littafin kada ka ƙona, mijin ciki yana ba ni tausayi, ya cancanci mata ta gaske. Ka ba ta aiki, ka ba ta baki, ka bar ta ta riga shi wani lokacin. Babi na bakwai kuwa kada ka taɓa shi sai na zo. Ina da gyare-gyare da yawa, kuma ba irin waɗanda ake ba direban bas ba ne.

Taka,
Maman 'yan biyu